Kujerar Askin Baba

Yaya Dogo,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da tumbin nan da Anti take kiwo. Baba da Inna suna gaishe ka.

Wasu malaman jami'a masu binciken halayyar ɗan Adam sun shigo layinmu, suna tambayar ko akwai taɓin hankali a dangi. Matar da ta zauna da ni a bencin shagon Baba ta rantse ba za a sa suna ba. Ta miƙo takardar boko na dangwala yatsa, tunda ni iyakata allo da ajamin nan da nake rubuto maka. Ka san halina. Na ce kakanmu da aska yake hira, Baba kuwa in abin ya motsa sai mun ɓoye reza. Tana rubutawa tana girgiza kai, ni ina cizon leɓe. Da kana nan da ka sha dariya.

Ƙaninka,
Auta

Yaya,

Ina gaisuwa. Yaya jikin yaran? Mu dai sai addu'a.

An karanta sakamakon binciken nan a rediyo. Sun cika alkawari, ba su faɗi suna ba. Cewa suka yi wani mai aski mai 'ya'ya shida, wanda shagonsa yake kallon famfo. Masu aski nawa ne suke kallon famfo, Yaya?

Kwana tara ke nan ba wanda ya miƙa wa Baba wuyansa. Telan layinmu, da shekara ashirin Baba yake yi masa gyaran fuska, daga tsallaken titi yake ɗago hannu. Na bi shago-shago ina rantsuwa wasa nake yi. Sai su ce Allah ya sawwaƙe, su janye 'ya'yansu. Duk tsokanar da na taɓa yi an tono ta, wai ashe tun tuni alamar tana nan.

Auta

Yaya,

Ina fatan kuna lafiya. Na je ofishin matar. Ta ba ni kujera da ruwa, har idonta ya kawo ƙwalla. Na roƙe ta ta cire maganata. Ta ce sun goge sunaye don su kare mu, yanzu ba su da shaidar wacce ce tawa, kuma takardar da na dangwala ta ba su izini. Na ce ko sau ɗaya ba a karanta mini ita ba. Sai ta rako ni bakin ƙofa.

Na faɗa wa Baba komai. Wallahi na so ya mare ni. Tsumma ya ɗauka ya goge madubin da ba ƙura.

Yanzu kullum da safe nakan hau kujerarsa in miƙa wuya, don masu wucewa su gani. Shi ma ba ya hana ni. Yau ya shafa kaina, ba ko gashi ɗaya, ya ce, “Tashi, Auta. Kai ba shaida ba ne, ɗana ne kai.”

Ka zo, Yaya. Kada ka yi aski kafin ka taho.

Ƙaninka,
Auta