Inna, Na Fara Miƙa a Tsakar Gida

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajara.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki a durƙushe, kai a sunkuye, yadda kika koya mini, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Garwa tana nan yadda kika bar ta, rana na dukan mutum tun hantsi. Jikokinki suna lafiya.

Wani labari na kawo miki, na kuma san da kina raye sai kin ja tsaki. Inna, na fara miƙa. Da gangan nake yi, safe da yamma, kamar mai shan magani.

Kin tuna ranar da na tashi daga tabarma na yi miƙa a gaban Kawu Sale, har ƙashin bayana ya yi ƙara? Kika jira sai da ya fita. Sannan kika kama kunnena kika ce, "'Ya mace ba ta miƙa a gaban manya. In jiki ya dame ki, ki haɗiye." Na haɗiye kuwa, har na zama uwar 'ya'ya.

Abin dariyar, ke ce mai wankan jariran unguwarmu. Ki ɗora jinjiri a cinya, ki ja hannunsa ta baya, ki naɗe ƙafafunsa ki miƙar, ki juya wuyansa a hankali. Ya tsala ihu, ya yi luf, ya kama barci. Kina cewa gajiyar zuwa duniya kike cire masa. Taki gajiyar ce ban taɓa ganin kin cire ba.

Shekarun da aka zabtare wa ma'aikata albashi, kasuwa ta mutu, shagon Baba ya koma wurin hira, ban taɓa jin kin yi ajiyar zuciya ba. Duk wanda ya tambaye ki, amsar ɗaya ce da Fillanci, "Jam tan," lafiya kawai. Da wannan lafiyar kika yanke jiki kika faɗi a bakin murhu, ɓarin jikinki ya shanye, ba ki sake magana ba. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, ban kuma san wa nake jin haushi ba.

To, Inna, na kai shekarun da kika faɗi. Mai gidana har yanzu yana tuƙa babbar mota zuwa Kusiri, can bakin iyakar Cadi. Tun da hanyar Mora ta lalace da rashin tsaro, sai su yi jerin gwano su jira rakiyar sojoji, waya ta daina shiga, kwana da kwanaki. Ina zaune a rumfata ina auna wa mata atamfa, ina dariya da su, amma kafaɗuna sun haye har kunne. Wuyana ya sandare, in an kira ni sai na juya da jikina duka. Da mutane suka tambaya, kin san abin da na ce musu.

Ranar da na ji yatsuna na hagu sun yi nauyi na tafi asibiti. Likitar ta ɗaura mini abin awo, ta dube ni ta ce, "Madam, tansiyonki ya hau, hawan jini ne. Akwai mai shi a gidanku?" Na ba ta labarinki. Ta rubuta magani, ta ce magani kaɗai ba zai ɗauke mini wannan kayan ba. Ta miƙe tsaye ta nuna mini: a ɗaga hannu sama, a haɗa su ta baya, a kwantar da kai dama da hagu, a ja numfashi a sake shi sannu a hankali. Dariya ta kusa ƙwace mini. Wankan jarirai ne, babu ruwan zafi.

Sauran sharuɗɗan ba su ba ni wuya ba. Na rage gishiri, yara suna ta ƙorafi wai miyata ta zama ta marasa lafiya. Na bar shayi mai kauri. Kasuwa da ƙafa nake zuwa kafin rana ta yi zafi, 'yan moto, masu babur ɗin haya, har tsiya suke mini wai rowa ce. In na dawo sai in jefa wayar cikin kwano in rufe, don dubanta ba ya sa ta yi ƙara.

Miƙar ce ta zame mini aiki. A ina zan yi? Ɗakina in na ɗaga hannu sai na taɓa kwanon rufi. Tsakar gida kuma Dada, uwar mai gidana, ƙawarki, tana ƙarƙashin dalbejiya da carbinta daga safe har magariba. Ki dubi mace da girmanta tana laɓewa a bayan madafa, kusa da itacen girki, tana ɗaga hannu tana leƙe kamar ɓarauniyar kaza. Sau da yawa sai in fasa, in ce gobe.

Wata safiya Dada ta tafi barkar haihuwa a maƙwabta. Na ce yau gida nawa ne. Na kama reshen dalbejiyar da hannu biyu, na saki jikina, ɗankwali ya zame, har da hamma. Ina juyowa na gan ta tsaye a bakin zaure. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Na durƙusa ina gyara ɗankwali. Ta dube ni ta ce, "Ɓingel am, 'yata, tashi ki ƙarasa."

Na ce na gama, Dada.

Ta ce, "Ba ki gama ba. Ni na wanke gawar uwarki. Na wanke mata da yawa a unguwar nan, ban taɓa taɓa kafaɗu masu tauri irin nata ba. Na yi ta shafawa ina cewa, Hajara, sauke, an gama. Ba na so a kira ni in wanke wasu irinsu a gidan ɗana."

Ta ja tabarmarta ta juya ta fuskanci bango, ta ci gaba da jan carbi. Na koma na kama reshen. A nan na yi kukan da ban yi ba ranar da aka ɗauke ki.

Tun daga ranar, kullum in na fito da safe sai in tarar ta riga ta juya tabarmar. Ba mu sake tayar da zancen ba. Wuyana ya fara juyawa, likita ta ce awon yana sauka. Mai gidan yana hanya yanzu haka, ina jin tsoro, kuma na fara faɗa in an tambaye ni.

Allah Ya jiƙan ki, Inna. Ya yalwata makwancinki ta yadda za ki miƙe son ranki, ba mai kallo. Ya dawo da matafiya gida lafiya, Ya ba ni tsawon rai in ga abin da ba ki tsaya kin gani ba. Amin.

'Yarki mai kewar ki,
Asma'u