Gunagunina a Ɗakin Taro

Inna,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar taki? Ya Baba da Auta? Ni lafiya ƙalau, kada ki biye wa Yaya da ya ce na rame a hoto.

Kin tambayi aikina. Akwai na'urorin da ke nuna wa saƙon waya hanya, kowane kamfani da yadda yake tsara bayanan tasa. Ni aka ɗora wa haɗa kansu kan tsari ɗaya. A taronmu ba a ɗaga hannu wajen zaɓe, gunaguni ake yi baki rufe, a ji ɓangaren da ya fi ƙara.

Shekaranjiya wani mai furfura daga babban kamfani ya ce a cire gurbin da muka tanada a tsarin don nuna layi mai yawan yankewa, wai ɓata wuri ne. Irin layinmu fa, Inna, mai katse mu ana tsakiyar hira! Da aka nemi masu ƙi, muryata kaɗai aka ji. Ban sassauta ba.

Yanzu ni kaɗai nake cin abincin rana, ana kuma raɗe-raɗin sauke ni daga jagorancin aikin. Baba ya ce in bi a hankali. Ki ba shi haƙuri, ba zan rufe maganar ba sai an mayar da gurbin.

Kin sha dungure mini kai saboda gunaguni. Wannan karon, ki roƙi Allah ya ƙara masa ƙarfi.

Allah ya bar mana ke.

'Yarki mai taurin kai