Na Ce "Da Sauƙi", Aka Rubuta Na Warke

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Likitocin da ke Duba Raunukan Tsofaffin Sojoji.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aikinka. Yaya fama da jama'a? Allah ya taimaka.

Sunana Saja Rabe Mamman, mai ritaya, haifaffen Daddara, mazaunin garin Jibiya. Takardarku ta iso ni, cewa in sake bayyana gaban kwamiti a watan gobe domin a duba jikina karo na biyu, a ga ko na cancanci haƙƙin raunin da na samu a bakin aiki. Na gode da kiran. Sai dai tun da na fara shirin zuwa nake cikin halin gaba kura baya siyaki, shi ya sa na zaɓi in rubuto a fili ta jarida, don na san ba ni kaɗai ba ne.

Ranka ya daɗe, raunina yana cikin fayil, amma bari in tuna maka. Motarmu ta sintiri ce ta taka nakiya. Abokaina biyu ba su tashi ba. Ni na tashi da ɓarɓashin ƙarfe a gindin ƙashin baya, wanda likitoci suka ce cire shi ya fi barinsa haɗari. Yana nan har yau. Wata rana in yi tafiya kamar kowa, wata rana ko juyi a kan tabarma sai an taimake ni.

Na farko, maganar zuwana na baya. Kafin in shiga mota na sha maganin ciwo, da na sauka na ƙara. Da aka kira sunana na shiga, sai na tarar likitan da ke tsakiya Kanar ne. Ban san lokacin da jikina ya ƙame ba. Wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a cikin kaki ba ya shawara da ƙashin bayansa kafin ya sara wa babba. Ya ce, "Saja, yaya jikin?" Na ce, "Da sauƙi, ranka ya daɗe." Ya ce in taka zuwa ƙofa in dawo. Na cije na taka kamar a fareti. Aka ce in tafi, za a neme ni. Amsar da ta biyo baya ita ce wai raunin bai hana ni neman abinci ba.

Yallaɓai, wane Bahaushe ne za a tambaye shi jiki ya ce babu sauƙi? Mahaifina yana kan gargara ana ce masa yaya jiki, yana cewa da sauƙi. Gaisuwa na amsa, aka rubuta ta a matsayin shaida. Da wani daga cikinku ya biyo ni tashar Jibiya a ranar da na dawo, da ya ga yadda direba da 'yan dako suka ciro ni daga mota kamar buhun gero.

Na biyu, maganar magani. Wani malamin asibiti da na nemi shawararsa ya ce in daina shan maganin kafin ranar dubawa, don ku ga ciwon yadda yake. Na gwada a gida don in ga ko zan iya. Ban kai ko ƙofar zaure ba. To ta yaya zan yi wannan doguwar tafiya a haka? Hanyarmu kun san ta. Ga ramuka, ga shingen bincike bayan shinge, a ce kowa ya sauko, a ce kowa ya hau, ga direba yana gudu don kada yamma ta yi masa a daji saboda halin da ake ciki. In na sha magani zan iso, amma za ku ga mutum a tsaye. In ban sha ba, za ku ga gaskiya, amma ba zan iso ba.

Na uku, takardun asibiti. An ce in taho da shaidar jinyar da na yi tun bayan barin aiki. Yawancin jinyata a Maraɗi na yi ta, domin nan ne dangin matata suke, akwai mai ba ni masauki da mai ɗaga ni. Lokotoron da ke duba ni, kamar yadda mutanen can ke kiran likita, da Faransanci yake rubutu. Na kai takardun ofishin da ke karɓar fayil, akawu ya jujjuya su ya miƙo mini, ya ce ba ya jin wannan yaren, in koma a rubuto da Turanci. Lokacin an rufe iyaka. Da aka buɗe na lallaɓa na je, na tarar an yi wa likitan canjin wurin aiki, wanda ya gaje shi kuma ya ce ba zai sa hannu a kan jinyar da bai yi ba. Ban ga laifinsa ba. Amma hoton ƙashin nan da ke hannuna, ƙarfen da ke cikinsa ba Faransanci yake yi ba, duk mai ido zai gan shi.

Na huɗu, aikin da nake yi. Gaskiya ne ina zama a wata rumfa kusa da bakin iyaka, ina tsaron kayan 'yan kasuwa kafin a gama da kwastan. A kan benci nake yini, da matashi a bayana. Ranar da jiki ya ƙi, ba na fita, kuma ranar tukunya ba ta hawa murhu. An gaya mini in kwamiti ya ji ina aiki, magana ta ƙare. To in zauna da yunwa har ku yarda ba na iyawa?

Abokina Kofur Sanda, wanda muka yi aiki tare, ya ba ni tasa shawarar. Ya ce in ari keken guragu, in bar gemu ya yi buzu-buzu, kome aka tambaye ni in yi nishi. Ya ce haka ake yi. Na ce masa ban yi wa ƙasar nan ƙarya da ƙafafuna biyu ba, ba zan fara yanzu ba. Ya ce, "To ka je ka sake ƙamewa."

Na biyar shi ne wanda ya fi yi mini nauyi. Matata Hadiza ta ɗauki aikin shirya ni. Bayan la'asar sai ta zauna a kan turmi ta zama likita, ta yi mini tambayoyi. Da farko dariya muke yi. Ran nan ta ce yaya jiki, bakina ya sake kuɓucewa da amsar da ya saba. Sai ta daina dariya. Ta ce, "Malam, ni ba Kanar ba ce. Faɗi abin da nake wankewa kullum." Mace ce da muka haifi 'ya'ya tare, ita ke shanya wandunan a bayan ɗaki don kada maƙwabta su lura, amma a gabanta ma na kasa faɗa. Ina kuma ga ɗaki cike da manya, da akawu sa'an ɗana yana rubutawa?

To bari in faɗa a nan, tun da alƙalami ba ya jin kunya. Ranka ya daɗe, tun da ƙarfen nan ya taɓa jijiya ba na iya riƙe fitsari. Alwalata ba ta kai ni masallaci. Ni da nake sahun farko, yanzu a ɗaki nake salla. Mutanen unguwa sun ɗauka girman kan soja ne, wasu ma sun ce na canza aƙida. Limaminmu ya zo har gida ya yi mini nasiha a kan falalar jam'i, na sunkuyar da kai na ce na gode. Wancan zuwan babu wanda ya tambaye ni wannan, ni kuma ban faɗa ba.

Saboda haka ina roƙon alfarma kamar haka.

A riƙa turo likitocinku babban birnin jiha lokaci-lokaci, don mu na bakin iyaka mu iso gare ku da sauran ƙarfinmu, kuma a gaya mana a fili ko mu sha magani ko kada mu sha.

A karɓi takardun asibitocin ƙetare. Gwamnati ba ta rasa mai fassara ba.

A ba mutum dama ya keɓe da likita ɗaya, wanda ba ya cikin kaki, kuma a bar shi ya shigo da wanda ke jinyarsa. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba. In an bar Hadiza ta yi magana, abin da za ta faɗa ya fi duk abin da ke cikin fayil ɗina.

A tambaye mu yadda muke a ranar da jiki ya ƙi, ba ranar da muka samu muka iso ba.

Kafin in aika da wasiƙar nan na karanta wa Hadiza. Da na zo kan na biyar ta rufe fuska da mayafi, ta ce in cire, don har a shagon mai shayi za a karanta. Na ce a bar shi. In kwamiti bai ba ni komai ba, aƙalla liman zai san ban guje wa Allah ba.

Allah ya ba ka ikon yin adalci, ya tsare ka daga ciwon da ba a iya faɗa, ya sa ka gama da aiki lafiya. Allah ya jiƙan 'yan'uwanmu da suka kwanta a daji, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Saja Rabe Mamman, mai ritaya,
Jibiya.