Mujiyar Baba a Kan Tankin Ruwa

Yaya,

Na fita aron tsani, ban so in tashe ka ba.

Ɗazu mai shago ya kawo wa Baba madubin hangen nesa guda uku ya gwada: mai arha, matsakaici da mai tsada. Mai tsadar ya yi masa nauyi, ya ajiye. Da mai arhar ya hango wani baƙin abu a kan tankin ruwan maƙwabta, ya rantse mujiya ce irin wadda ba a taɓa gani ba. Nan take ya kira abokansa masu kallon tsuntsaye, ya ce su zo ƙarfe huɗu.

Sai ya ɗauki matsakaicin don ya ƙare mata kallo. Yaya, hularsa ce! Wadda ya yi sati biyu yana cewa Mama ta kyautar, har suka daina gaisawa. Ashe iska ce ta kwashe ta daga igiyar shanya.

Ya goge gilashin da bakin riga, ya sake dubawa. Can ya ce, "Wannan madubin maƙaryaci ne. Mai arhar nake so."

Mama ta karɓa ta leƙa, ta ce, "Malam, mujiyarka har da facin da na yi mata." Ta rungume matsakaicin, ta ce ya zama ɗan gida.

Don Allah in baƙin suka riga ni isowa, ka tsare su a falo, kuma mai arhar kaɗai za ka miƙa musu. Baba ya roƙa in na sauko da hular kowa ya ce mujiyar ta tashi. Mama ta ce ita dai ba ta yi alkawari ba.

Ƙanwarka