Lambun da Na Sa Aka Rufe

Zuwa ga Malam Garba,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana cikin rahamar Allah. Na san babu mai kai maka wannan takarda, amma wa zan gaya wa in ba kai ba?

Labarin firamarenmu ta Gummi babu daɗi. Lambunka na bakin fadama awaki ke kiwo a ciki. Ajin da ka bari ni aka ba. Ina faɗa suna amsawa, kamar 'yan amshi. In na tambayi yaro ma'anar abin da ya faɗa, sai ya sunkuyar da kai.

Ka tuna yadda nake maka tsiya ina kiranka Sarkin Noma? Kai ba ka koyar da Turanci tsuransa. Sai ka miƙa wa yara buhun takin zamani, su karanta rubutun jikinsa, su auna, su zuba wa albasa. Su gwada kunya da igiya, su rubuta tsawon shuka duk Litinin, su yi ta gardama, duk da Turanci. Waɗanda suka karanta ba daidai ba albasarsu ta ƙone, kuma ba su sake mance kalmar ba. Hawwa 'yar Ardo, ɗalibarka, yanzu ita ke karanta wa rugarsu takardar maganin shanu.

Garba, ga abin da na ɓoye maka. Ƙarar da ta je ofishin ilimi, wadda ta ce kana sa 'ya'yan mutane ƙwadago maimakon karatu, ni na rubuta ta. Ba hedimasta ba ne, wanda ka rasu kana zargi. Hassada ce kawai, don yaran ajina kullum suna leƙenku ta taga. Na zaci gargaɗi za a yi maka. Ina na san can ƙauyen Adabka za a jefa ka, ana tsakiyar damina, inda mota ba ta shiga? Da a nan zazzaɓin ya kama ka, ai da mun kai ka asibiti. Na san ajali ne. Sanin bai rage mini komai ba.

Bara na gwada hanyarka. Na shiga aji da buhu, na tsaya, na rasa ta inda ake farawa. Shekara huɗu muna cin tuwo tare, ban taɓa tambayarka ba. Yanzu wa zai nuna mini?

Innarka tana nan, idonta ya yi rauni. Duk Juma'a ina zuwa gaishe ta. Tana gaya wa maƙwabta wai Allah ya karɓi ɗa ya bar mata ɗa. Sau uku ina zuwa da niyyar faɗa mata gaskiya, sai in gaishe ta kawai in fito. Jibi ma zan je. Za ta dafa kaina ta sa mini albarka, ni kuma in ce amin.

Allah ya haskaka kabarinka. Ba ni da bakin cewa ka yafe mini.

Wanda kake kira amini,
Sani