Inna da Gangar Tele

Zuwa ga ƙanena Sani a Kwatano,

Assalamu alaikum. Ka gafarce ni da na dame ka, ga aiki ya yi maka yawa. Yaya jikinka, yaya Rabi da yara? Mu nan Matamaye sai godiya. Sojoji sun yi rabon hatsi a Kance, mun samu ɗan abin da ya samu.

Maganar na'urar wasan nan taka ce, da ka ce in sayar in sayi gero. Na ji tsoron sayar wa mutum abin da ban gwada ba, sai na sa aka haɗa ta da akwatin tele. Na fara da ɗan mutumin nan mai tsallake ramuka, ina bisimilla yana faɗawa. Sai aka sa wasan ganga, wanda ake bugawa daidai da kiɗa.

Tun da gona ta ƙone Inna ta daina magana, abinci ma sai da lallashi. Tana kallona ina ta kuskure bugun, sai ta ce, "Ke Hajara, hannunki ya mutu? Wannan ai lugude ne, miƙo nan." Sani, ko bugu ɗaya ba ta kuskure ba! Tana gamawa ta yi dariya, ta ce a dama mata fura, ta shanye.

Yanzu kullum bayan la'asar sai ta buga. Na kasa sayarwa, amma kayanka ne, ba zan riƙe ba sai da izninka. Ka sa mu a addu'a, ka gaida Rabi. Don Allah ka amsa da wuri: in sayar, ko in bar mata?

Yayarka,
Hajara