Ranar da Aka Sauko da Mama

Burgos, 20 ga Yuli, 1985

Zuwa ga Yaya Milagros,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, Mama kuma jiki da sauƙi. Uwargida Purita da yara suna gaishe ku.

Bayan haka, bikin tsakiyar Agusta ya faɗo ranar Alhamis bana, ofis kuma sun haɗa mana da Juma'a. Saboda haka muna nan tafe Cádiz kamar yadda muka saba, mu juyo ran Lahadi. A shanya mana katifu, a share saman bene, don a can Purita take son shan kofinta tana kallon teku. In an samu ƙananan kifin nan da kike soyawa, to madalla.

Maganar da kika sake tayarwa, ta a sayar da gidan a sayi na ƙasa kusa da na maƙwabciyarku Doña Regla, na duba ta da kyau, kuma amsata tana nan yadda take: ba zan sa hannu ba. Rabin gidan nawa ne, haka Baba ya bari. Wa yake sayar da hawa na huɗu mai kallon teku ya koma ɗakin da ke kallon kwandon shara? Kin ce shekara uku Mama ba ta taka ƙasa ba saboda matakala. To a shekarunta ina za ta je? Ga taga, ga iska. Ki rage ƙorafi, Yaya. Mutane kuɗi suke biya su zo inda kike zaune a kyauta.

Ki huta lafiya.
Ƙanenki, Anselmo

Cádiz, 29 ga Yuli

Anselmo, ɗan autan Mama,

Ina gaishe ka, ina gaida Purita da yara. Wasiƙarka ta same ni ina tsakiyar wanke zanen gadon Mama. Na karanta ta a tsaye, na sake karanta ta a zaune don in tabbata ba idona ne ya yi mini gizo ba.

Ku zo, gida naku ne, rabi dai. Katifu sun sha rana. Ƙorafi kuwa na daina.

Kana dai tune cewa ranar bikin nan tsofaffin unguwarmu a bakin teku suke yini, kowace da kujerarta da kwanon abincinta, suna buga wasan lambobin nan na bingo har rana ta faɗi, kuma 'ya'yansu maza ne suke kai su. Mama daga taga take jiyo shewarsu. Bana na ce mata ɗanta zai kai ta. Ta sa na goge mata shuɗiyar rigarta, ta aika wa Regla a ajiye mata wuri. In ba za ka iya ba, ka gaya mata da bakinka.

Allah ya kawo ku lafiya.
Yayarka, Milagros

Burgos, 21 ga Agusta

Milagros,

Ina gaisuwa, don an koya mini ladabi. A kwance nake rubuta wannan, likita ya hana ni motsa bayana.

Wane irin rashin imani ne wannan? Mun iso yammacin Laraba muka tarar da Regla zaune da Mama, magunguna jere a kan tebur, ke kuwa ko ƙyallinki. Tukunya wayam. Regla ta miƙo mini mabuɗi ta ce, "Ga uwarka nan," ta yi tafiyarta. Purita ce ta yi wa Mama wanka, tana yi tana kuka.

Da safiyar Alhamis Mama ta sa rigarta ta zauna bakin ƙofa da jaka a cinya. Ya zan yi? Na goya ta. Matakalar nan ƙunci gare ta, a kowace kwana sai na bi a karkace, ita kuma tana shaƙe mini wuya tana cewa in yi a hankali kada in kashe ta. Muna fitowa matan unguwa suka hau tafi. Wata mai bakin tsiya ta ce, "Ashe Consuelo tana da ɗa namiji? Mu da muka ɗauka baƙon otal ne." Aka yi ta dariya har da masu riƙe ciki, a gaban 'ya'yana.

Da yamma na zo mayar da ita. Hawa ɗaya na yi bayana ya ce ƙas, na durƙushe da ita a matakala. Sai da wasu masunta biyu suka sauko da mu, ita da ni. Regla ta ba Mama gadonta a gidanta na ƙasa, ni kuma na ƙarasa hutuna a kwance a tsakar ɗakinta, kyanwarta tana tsallake ni. Purita ce ta tuƙo mu har Burgos.

Ina kika shige? Ki nemi maza ƙarfafa su mayar da Mama ɗakinta, wannan wasan ya isa haka.

Anselmo

Cádiz, 27 ga Agusta

Ƙanena,

Sannu da jiki. Ka riƙa kwanciya rigingine da matashi a ƙarƙashin gwiwa, haka nake yi duk lokacin da na ɗaga Mama daga baho nawa bayan ya riƙe.

Ina na shige? Hutu na je, a garin nan da ka ce mutane suna biyan kuɗi su zo. Na kama ɗaki a wani ƙaramin masauki da ke fuskantar bakin ruwa, tafiyar da ba ta kai a dafa ƙwai ba daga gida. Na yi barci har rana ta take, ba wanda ya kira sunana. Na ci kifin da wata ta soya, na bar mata farantin ta wanke. Na shiga teku har wuya, abin da rabona da shi tun Baba yana da rai.

Ranar Alhamis kuwa ina kan baranda da kofina sa'ad da ka ɓullo da Mama a baya, jajawur kamar dafaffiyar ƙaguwa, farin wandon nan naka ya jiƙe sharkaf. Ba zan ɓoye maka ba, na ji daɗi. Na ji daɗi har cikin ƙashina, kuma ban yi niyyar faɗa wa limamin coci ba, don ban tuba ba. Shekara da shekaru kuna zuwa ku ci, ku yi wanka, ku sumbaci Mama a goshi, ku bar mini yashi a gado. Yini ɗaya ka ɗauke ta, ga ka a hannun likita.

Amma na ga abin da ya fi wannan. Na ga Regla ta cire wa Mama takalmi, ruwa ya taɓa mata ƙafa, ta rufe fuska da hannu biyu. A nan na bar barandar na shiga ciki, don ni ma kukan ya zo mini.

Maganar mayar da ita sama, na kai mata saƙonka a gaban matan unguwa. Ta ce, "Ki gaya wa Anselmo, in aka hau da ni benen nan, ba za a sake sauko da ni ba sai a akwati. Ko haka yake so?" Na ce mata zan tambaye ka. Kullum da yamma yanzu tana bakin ƙofa a kujera, kowa ya wuce sai ya tsaya. Regla ba za ta iya riƙe ta fiye da wata guda ba, gadonta ɗaya ne. Gidan ƙasan yana nan ba a saye shi ba, mai son namu ma yana nan. Unguwa duka ta san hannun wa ake jira. Mai kifi ma yana gaishe ka, ya ce ya bayan?

Ka huta lafiya.
Milagros

Burgos, 4 ga Satumba

Yaya,

Ina gaisuwa. Jiki da sauƙi, na fara takawa. Zan zo a jirgin ƙasa ranar Juma'a ta sama, ni kaɗai. Ki gaya wa mai sayen. Ki gaya wa Mama ba haka nake so ba.

Ƙanenki, Anselmo

Cádiz, 9 ga Satumba

Anselmo,

Na gaishe ka, na kuma gode Allah da ka miƙe. Na gaya wa Mama, ta ce a soya maka kifi. Zan soya.

Ka taho da tsofaffin kayan sawa. Akwai gadonta na ƙarfe, da kabad, da keken ɗinki, duk suna sama, kuma ban ɗauki 'yan dako ba. Na raba kayan biyu. Rabina na riga na sauko da shi.

Sai ka iso.
Yayarka, Milagros